Yadda Zaka Sayi Alukobon Mai Kyau Don Aikinka, Daga Awo Har Sauke Kaya

Yanzu duk inda ka duba a Kano ko Kaduna ko Abuja, gaban banki ne, rumfar gidan mai ce, filaza ce, shagon waya ne, wannan fallen mai santsi zaka gani da muke cewa alukobon. Yana da kyau a ido, bashi da nauyi, yana rufe munin bango, cikin sati ɗaya sai tsohon gini ya koma sabo fil. Amma ka lura da wasu, shekara biyu kacal ja ya koma ruwan hoda, fallen ya yi tudu ya yi kwari, gefe ya ɓare iska tana kaɗa shi. Mai gini sai ya ɗora laifin kan wanda ya haɗa, alhali sau da yawa tun a kasuwa aka gama cutarsa, domin falle biyu zasu iya zama kala ɗaya, kauri ɗaya, har ledar jikinsu iri ɗaya, amma ɗaya ya ninka ɗaya a inganci da kuɗi, kuma bazaka ga bambancin ba sai ka san inda ake dubawa.

Shi dai abin nan fallen alminiyam ne guda biyu sirara, ɗaya sama ɗaya ƙasa, an manna su da roba a tsakiya, kamar biskit mai kirim. Alucobond sunan kayan wani kamfani ne da aka fara ƙerawa a garin Singen na Jamus a 1969, sai sunan ya bi duk mai kama da shi. Mafi yawan wanda ke kasuwanninmu daga Chaina yake zuwa, wasu daga Dubai, kuma a cikin na Chainan akwai mai kyau sosai akwai na banza. A takardun 'yan kasuwa ACP zaka ga an rubuta, wasu su rubuta ACM. Don haka in mai kaya yace maka "Alhaji wannan orijinal alukobon ne", bai faɗa maka komai ba tukunna.

Mataki na farko: a ina za'a saka shi

Kafin ka tambayi kuɗi ka amsa wannan. Cikin shago ne, wato kanta ko silin ko bangon da rana bata taɓawa? Allon sunan shago ne? Gaban gini ne da zai sha rana da ƙurar hunturu da iskar farkon damina? Bene ne, hawa nawa, mutane suna kwana a ciki? Akwai janareto ko kicin ko gas ko fanfon mai a kusa? Kowace amsa irin kayanta daban, kuma ba laifi ka sayi iri biyu a aiki ɗaya, mai sauƙin kuɗi a ciki, mai ƙarfi a waje.

Mataki na biyu: abubuwa ukun da kake biyan kuɗinsu

Anan duk maganar take, don haka zan ɗan daɗe.

Abu na farko kaurin alminiyam ɗin kansa. Kowa a kasuwa 3mm da 4mm yake kira, to wannan kaurin fallen ne gaba ɗaya har da robar tsakiya, ita kuma roba arha ce, alminiyam shine kuɗin. Fatar alminiyam akwai siririya irin 0.12mm, akwai 0.15, 0.18, 0.21, 0.3, 0.4, har 0.5mm wanda shine manyan kamfanoni suke sawa a fallen 4mm na jikin gini. Kaga kenan mutum zai iya sayar maka 4mm da gaske, ka auna kaga 4mm, amma fatarsa 0.15 ce, in ka danna da babban yatsa sai ya loma, in yaro ya jefa dutse tabon ya zauna har abada, in aka tsaga bayansa za'a lanƙwasa sai fatar ta yage a kusurwa. A ganina na cikin ɗaki 3mm mai fata 0.18 ko 0.21 ya wadatar. Allon shago 3mm mai 0.21 zuwa 0.3. Gaban gini na ƙasa kada ka sauka daga 4mm mai 0.3, in kuma bene ne ko rumfar gidan mai da iska ke shiga ƙarƙashinta tana ɗagawa, ka nemi 0.4 ko 0.5. Kuma ka tambaya fatar gaba da ta baya duk ɗaya ne? Don akwai wanda ake yiwa gaba mai kauri baya siririya, irinsa yana saurin lanƙwashewa in ya sha zafi tunda ɓangarorin biyu basa ja daidai.

Abu na biyu robar tsakiya, kuma wannan maganar rai ce wallahi. Iri uku ne. Akwai PE, wato roba zalla irin wadda ake leda da jarka da ita, tana kama wuta tana narkewa tana ɗiga. Akwai FR, wanda aka cakuɗa robar da garin ma'adini kusan kashi 70 cikin 100 don kada ta riƙe wuta. Sai A2 wanda sama da kashi 90 ma'adini ne, kusan baya ci. Abinda yasa duniya ta farka kan wannan shine gobarar benen Grenfell a Landan ranar 14 ga Yuni 2017, bene mai hawa 24, wutar daga firji ta tashi a wani gida a hawa na huɗu, da ta fita ta taga ta kama fallayen da aka lulluɓe ginin dasu masu PE a ciki sai ta haye har sama cikin ƙanƙanin lokaci, mutum 72 suka rasu, kuma kwamitin binciken da gwamnati ta kafa ya tabbatar fallayen ne babban dalilin da wutar ta bazu haka. Kafin nan a daren shiga 2016 otal ɗin Address Downtown a Dubai ya kama ta waje a irin wannan yanayin. A ƙarshen 2018 Ingila ta hana sa kayan da ke cin wuta a bangon sabbin gidajen kwana da suka wuce mita 18. Mu kuma anan sai kaga filaza hawa uku an lulluɓe ta da PE tun daga ƙasa, wayoyin fitila a bayan fallen ba ko bututu, janareto a jingine da bangon, mai shayi da gas ɗinsa a gefe. Ni dai shawarata, duk ginin da ya wuce hawa ɗaya, ko inda ake kwana kamar otal da asibiti da hostel, ko gidan mai, ko kusa da kicin, FR ne mafi ƙaranci, dogon bene kuma A2 tare da injiniya ya duba. PE ka barshi ga allon shago da ƙananan ayyukan da ko sun kama ba wanda zasu tare wa hanyar fita.

A cikin PE ɗin ma akwai mai karyewa da mara karyewa. Mai karyewa tsohuwar roba ce aka narka aka cika da gari, in aka lanƙwasa sai tace ƙas. Yafi arha, kuma yana iya aikin da za'a manna shi a miƙe, amma duk aikin da ke da kusurwa mara karyewa zaka saya.

Abu na uku fenti. Na waje sunansa PVDF, shine yake jure rana shekara da shekaru, na ciki kuma foliyesta. To ga inda ake ruɗa mutane, shi ma fentin foliyesta PE ake rubuta masa a takarda, don haka in kaga PE ka tambaya ta roba ake nufi ko ta fenti. Ranar arewa bata da wasa, foliyesta a bangon da ke kallon gabas ko yamma zai koɗe, ja da ruwan lemo da shuɗi mai duhu su suka fi saurin nunawa, fari da ruwan azurfa da ruwan toka sun fi rufa asiri. Galibin PVDF sheƙinsa a kwance yake, in kaga falle yana ƙyalli har kana ganin fuskarka, ko irin mai kamar madubi, yawanci na cikin ɗaki ne ko da mai shago ya rantse.

Mataki na uku: awo da lissafin falle

Girman da yafi yawa a kasuwa ƙafa 4 da ƙafa 8 ne, wato 1220mm da 2440mm, sukwaya mita 2.98 kenan, kusan 3. Kuskuren da ake yi shine a auna bango a raba da 3 ace ga adadin falle. Bari kaga yanda wannan lissafin yake kada mutum.

Ace goshin shagonka faɗinsa mita 9 ne, tsayi mita 1.3. In ka ninka 11.7 ne, ka raba da 2.98 ya baka falle 4. Amma aiki mai kyau ana lanƙwasa bakin kowane yanki kamar santimita 3 ta kowane gefe don a samu inda za'a ɗaure, saboda haka faɗin 1220 ya koma wajen 1160 a fuska, tsawon 2440 ya koma 2380. Tsayinka mita 1.3, wato 1300mm ne, faɗin falle bazai rufe shi ba, dole a tsayar da fallen, kowane yanki ya ci 1360 daga cikin 2440, ragowar 1080 bata isa wani yankin ba, kuma mita 9 tana buƙatar yanki 8. Falle 8 kenan maimakon 4, rabin kuɗinka ya tafi a guntaye. Da tun farko ka sa mai walda ya yi firam ɗin, wato ƙarfen da za'a ɗaure fallen a kai, tsayin mita 1.15, sai a kwantar da falle 4 su rufe mita 9 har da saura. Shi yasa nake cewa kada a fara walda sai an zauna da mai haɗawa da takarda da biro an zana yanda kowane falle zai yanku. Shi firam ake yiwa gyara ya bi girman falle tun yana kan takarda.

Bayan lissafi ka ƙara kamar kashi 10 cikin 100, ko aƙalla falle ɗaya in aikin ƙarami ne. Dalili, kala ɗaya daga kamfani ɗaya tana iya bambanta tsakanin kayan da aka buga wannan watan da na wancan, a shago bazaka gani ba, sai an ɗora a bango rana ta haska zaka ga ɗaya yafi ɗaya duhu. Ka sayi duka lokaci ɗaya daga bugu ɗaya, ragowar ka ajiye don ranar da mota zata goga.

Mataki na huɗu: rubuta abinda kake so, sannan ka shiga kasuwa

Ka rubuta a waya ko takarda kamar haka: 4mm, fata 0.4 gaba da baya, tsakiya FR, fenti PVDF, ruwan azurfa, 1220 da 2440, falle 22, bugu ɗaya. Wannan saƙon zaka tura wa mutum uku ko huɗu a WhatsApp ba tare da ka canza komai ba, ta haka ne kawai farashinsu zai kwatantu. In ɗaya ya faɗo ƙasa sosai da sauran kada ka yi murna tukunna, arha bata ado, ka tambaye shi a cikin ukun nan wanne ya rage. Farashin kuma yana bin dala, don haka ka tambaya kwana nawa maganarsa zata tsaya.

Wajen nema, a Kano ka fara da Kofar Ruwa da layukan masu alminiyam da gilashi na Sabon Gari, a Abuja kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, a Kaduna ka tambayi masu aikin ƙarfe na Panteka su nuna maka dilolinsu, a Yamai kasuwar Katako. Manyan masu shigo da kaya yawanci a Legas suke, unguwar masu alminiyam ta Dopemu da wajen Orile, kuma da yawan abinda ake sayarwa a arewa daga can ake lodo shi. In fallenka bai wuce goma ko ashirin ba saye a gida yafi, don kuɗin mota da haɗarin lalacewa a hanya zasu cinye ragin. In aikin gidan mai ne ko filaza, ko kana neman FR da kalar da ba kowa ke ajiyewa ba, to ka tambayi Legas ma.

Wata hanya mai kyau da mutane basa bi, in kaga gini a garinku da aka yiwa alukobon shekara biyar ko shida kuma har yanzu kalarsa na nan, ka shiga ka yi sallama ka tambayi mai wurin wa ya yi masa kuma a ina aka sayi kayan. Wannan shaidar tafi duk katalog.

Sai maganar barin mai haɗawa ya sayo. Ba laifi bane, da yawansu mutanen kirki ne kuma sun fi ka sanin kasuwa, amma in kuka yi jinga dunƙule kaya da aiki, duk abinda ya rage a kaya ribarsa ce, kaga ka sa shi a jarrabawa. Gara ku raba, kuɗin aiki daban kuɗin kaya daban, ku je kasuwar tare, in akwai la'adar da dila zai bashi wannan tsakaninsu ne, kai dai kaga abinda aka loda.

Mataki na biyar: gwaji a gaban mai kaya

Kada ka biya kan ɗan samfurin da ke cikin katalog. Kace "Alhaji a fito min da wanda za'a loda min in gani", sannan ka nemi guntu daga irinsa, masu yanka basa rasa guntaye.

Fara da bayan fallen. Kamfanin kirki yana buga sunansa da kauri da lambar bugu da kwanan wata a jikin alminiyam na baya. Rubutun kan leda kaɗai ba hujja bane, leda kowa zai iya bugawa. Ka duba lambar bugun a fallaye da dama kaga ko ɗaya ce.

Sai fata. Ka kama kusurwar guntun da filaya ka ɓare alminiyam ɗin daga robar. Abu biyu zaka gani anan. In ya ɓare salin alin ba gardama to mannin bashi da ƙarfi, irinsa ne yake kumbura in ya sha rana, mai kyau sai ka yi da gaske kuma zaka ga farin gam ya rage a jiki. Sannan ka kankare gam ɗin ka auna fatar da maikuromita, wato ɗan ma'aunin nan na masu juya ƙarfe, ko ma'aunin kauri mai nuna lamba da ake kira kalifa (caliper), in baka da shi ka ara ko ka tafi da wanda yake da shi. Ka sani fenti yana ƙara kamar 0.02 zuwa 0.03, kuma wasu da fentin suke ƙirgawa, don haka in an ce 0.3 ka samu 0.3 da fenti to a gaskiya bai kai ba, in kuma ka samu 0.21 to ba sauran magana.

Sai tsakiya. PE yawanci baƙa ce ko toka mai duhu, FR fari-fari ko toka mai haske, amma kala kaɗai bata isa ba tunda ana yin farar PE. Ka fita waje nesa da kaya, ka riƙe guntun da filaya ka sa masa laita a gefe na ɗan lokaci sannan ka janye. PE zata ci gaba da ci da kanta, tana ɗiga, tana warin kyandir. FR zata yi baƙi ta mutu da ka janye wutar, ta bar gari-gari. Nauyi ma yana taimakawa, fallen 4mm mai fata 0.5 in PE ne wajen kilo 5.5 yake a sukwaya mita, cikakken falle kilo 16 da ɗan abu kenan, in FR ne wajen kilo 7.6, falle ya kai kilo 22 zuwa 23. In an ce maka FR ne mai 0.5 ka ɗora a sikeli kaga kilo 14, ka san akwai magana. Sai dai nauyi shi kaɗai baya wanke kaya, don robar banza da aka cika da gari ita ma tana da nauyi. In aikin babba ne ka nemi takardar gwajin wuta, a ma'aunin Turai EN 13501-1 zaka ga an rubuta B-s1,d0 ga FR ko A2-s1,d0, ka duba sunan kamfani da kaurin da ke takardar sun dace da kayan da ke gabanka.

Sai lanƙwasa. Ka sa a tsaga bayan guntun a lanƙwasa shi kusurwa, a buɗe a sake. Ka duba bakin, in fenti ya tsage ko fatar ta yi farin layi ko robar ta karye, ka san abinda zai faru a kowace kusurwar gininka.

Fenti shine mai wuyar ganewa da ido. Abinda zaka iya, ka jiƙa tsumma da tina ka goga wuri ɗaya da ƙarfi sau da yawa, foliyesta mai arha zai fara bin tsumman, PVDF yana daurewa. Gwajin kan hanya ne dai, don haka ka haɗa da rubutun baya da kuma garanti a rubuce. Mai kayan da ya ɓata rai don kana gwaji, ka yi masa godiya ka ƙara gaba.

Mataki na shida: kayan haɗi

Firam ya zama sukwaya fayif na alminiyam ko galbanaiz, in baƙin ƙarfe ne a yi masa fentin hana tsatsa kafin a rufe, don in ya fara tsatsa a baya jan ruwa zai dinga zubowa ta tsakanin fallaye. Ribit na alminiyam, sukuru mara tsatsa. Silikon na waje zaka saya wanda ake rubuta wa neutral, wanda in ka buɗe kaji tsami yana hawa hanci na gilashi ne da banɗaki, ba na nan bane. Ka sayi soson da ake cusawa a tsakanin fallaye kafin silikon, da tef na takarda don layin ya fita tsaf.

Mataki na bakwai: biya, lodi da ajiya

Rasit ya ɗauki komai, sunan kaya, kauri, fata, irin tsakiya, irin fenti, lambar kala, adadi. Rasit da aka rubuta "alukobon 22" kawai bazai taimake ka ba ranar rigima. Ka tsaya a ƙirga a gabanka, a ɗaga kowane falle ka duba kusurwoyi da fuska, don loma a ƙarƙashin leda tana ɓuya, sai ka karkata shi wajen haske.

Wajen lodi ka samu a-kori-kura ko motar da bayanta zai ɗauki ƙafa 8 a kwance, a shimfiɗa katako ko kwali, fuska na kallon fuska baya na kallon baya, inda igiya zata bi a sa kwali. Kada a ɗora a saman adaidaita rabi na reto, kafin a isa ya lanƙwashe. Ka gaya wa 'yan dako mutum biyu su ɗauki kowane falle a tsaye ta gefe, kuma a ɗaga shi sama, kada a ja shi kan ɗan uwansa, ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga tsakani zata zana layi daga farko har ƙarshe. A wajen aiki a kwantar dasu kan katako a cikin inuwa inda ruwa baya taruwa, nesa da siminti da tartsatsin walda.

In odar waje zaka yi

Wannan sai aikin ya kai cika kwantena, ko kun haɗu ku da yawa. Masana'antun suna da yawa a lardunan Guangdong da Shandong da Jiangsu da Zhejiang, kuma ana haɗuwa dasu a baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou a watan Afrilu da Oktoba. Amfanin oda shine zaka iya cewa a yanko maka tsawon da ya dace da gininka, har faɗin 1500mm, guntaye su ragu sosai, amma kowace kala tana da mafi ƙarancin adadin da zasu yarda su buga. Ka sa a aiko samfur ka yi masa duk gwajin da na faɗa, ka ajiye shi a matsayin shaida. Yawanci ana bada kafin alƙalami kamar kashi 30, sauran kafin lodi, to kafin ka biya sauran ka sa wani naka ko kamfanin duba kaya irin SGS ko Intertek ya je ya auna fatar a masana'anta, don in kwantena ta iso tashar jirgin ruwa ta Apapa ko Tin Can ko Onne ba mai mayar da ita. Ta ɓangaren Najeriya sai ka buɗe Form M, wato takardar shigo da kaya, a banki kafin a loda, ga takardar SONCAP ta shaidar ingancin kaya, ga PAAR, takardar kimanta haraji ta kwastam, ka samu ejan da ya saba fitar da kayan gini ya yi maka lissafin haraji da kuɗin tasha da na tirela zuwa arewa tun kafin ka tura ko sisi, sannan ka kwatanta da farashin dilan Legas. Sau da yawa a ƙaramin aiki zaka ga dilan ya fi sauƙi, ga kuma watannin jira da ka huta.

Ranar da za'a fara sawa

Ko ba kai zaka haɗa ba ka je ka tsaya. A jikin ledar akwai kibiyoyi, dole duk su kalli waje ɗaya, musamman ruwan azurfa da ruwan gwal da duk mai ƙyalƙyali, in aka juya yanki ɗaya don a ci guntu zai fita daban a bango ko da daga falle ɗaya aka yanka. Wajen tsaga baya a bar 'yar roba siririya a kan fatar gaba, kada injin ya taɓa alminiyam ɗin.

A bar tsakani wajen santimita 1 tsakanin yanki da yanki, kuma ramin ribit ya ɗan fi ribit ɗin faɗi. Dalili, alminiyam yana miƙewa kamar 2.4mm a kowace mita in zafi ya ƙaru da digiri 100, to tsakanin sanyin asubar hunturu da zafin da falle mai duhu yake ɗauka da ranar Afrilu, cikakken falle zai iya motsa 3mm zuwa 4mm, in an matse shi ba inda zai je sai ya kumburo. Wayoyin fitila duk a sa su cikin bututu kafin a rufe, saman goshin kuma a yi masa hula don ruwa kada ya shiga baya.

Ledar a cire ta da an gama kowane ɓangare, kada a barta don wai ana jiran ranar buɗe shago, in rana ta gasa ta sati da sati gam ɗinta yana kamawa, sai an kankare, kankarewar kuma ta ɓata fentin. Wanki da ruwa da sabulu mara ƙarfi da tsumma mai laushi ne, bayan hunturu a fara watsa ruwa ƙurar ta sauka kafin a goga, banda soson ƙarfe banda fetur. Kuɗin aiki kuma ka riƙe wani kaso sai an cire leda kun zagaya tare da rana tsaka kun duba layukan silikon da kusurwoyi, in da damina ne ka jira ruwa ɗaya ya sauka kaga ko akwai inda yake yoyo kafin ka cika masa.